Yadda Ake Gane Tsohuwar Bas Ƙirar Volkswagen Kombi da Yadda Ake Farfaɗo da Ita

Har gobe akan tarar da ita a bayan wani gida, ko a ƙuryar tsohon gareji, ko a harabar tsohuwar makaranta: bas mai inji a baya, tayoyi sun nutse cikin ƙasa, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Masu wucewa suna ganin rabon 'yan gwangwan ce. Alhali da yawa daga cikinsu za su iya komawa kan titi, domin injin tsohuwar Kombi da iska yake sanyaya, ba shi da lagireto, ba shi da kwamfuta, kuma har yanzu ana ƙera kusan duk kayan gyaranta. Abin da na ga yana kayar da masu fara wannan aiki shi ne gaggawar sayen kaya tun ba su san wace iri ce a hannunsu ba. Kombi ba ɗaya ba ce. Akwai ta Jamus, akwai ta Barazil, kuma wadda ta fi rikita mutane a ƙasarmu ita ce mai gaban wani zamani da bayan wani zamani.

Kayan aiki

Duk notocin motar nan na milimita ne. Ka tanadi sifanoni da soket daga lamba 8 zuwa 19, sai 21 na fulogi, 30 na notin fulin ƙasa, da manya biyu, 36 da 46, tare da dogon bututun ƙarfe na ƙara ƙarfi. Sai sukudireba, filaya, guduma, fila-geji na auna tazarar bawul, jak mai ƙarfi, da ƙafafun ƙarfe huɗu na tallafe mota. In babu ƙafafun, a sami guntayen katako masu kauri. Kada ka ɗora mota a kan bulo na siminti ka shiga ƙarƙashinta. Bulo yana rugujewa lokaci guda ba tare da ya yi ƙara ba.

Don bincike: tocila, ƙaramin maganaɗisu, burushin waya, kalanzir, alli, littafi da biro, da wayar da za ta ɗauki hoto. Don adana ƙananan kaya: ledoji da robobi masu murfi da abin rubutu a kansu. Don aikin jiki: giranda, sanfefa, falle-fallen ƙarfe mai kaurin milimita 1 da na milimita 2, da mai walda wanda ya saba da siririn ƙarfe. Sai tukunyar kashe gobara da bokitin busasshen yashi, waɗanda za su zauna kusa da kai daga ranar farko.

1. Takardu kafin komai

Tsohuwar mota da ta daɗe a ajiye sau da yawa ta zama kayan gado. Kada ka biya mutum ɗaya ka ja ta da dare. A zauna da duk magada ko wakilinsu, a rubuta takardar ciniki mai ɗauke da lambar shasi da lambar inji, shaidu su sa hannu. In akwai tsohon lasin ko takardar kwastam, karɓe su ko da sun yage. Daga nan a kira janwe. Kada a ja ta da igiya a kan titi, domin birkinta ya mutu tuntuni.

2. Gane zamaninta da ido

A nan ya kamata ka ɓata lokaci. Wanke ta, ka tsaya a gabanta ka dubi gilashin gaba.

In gilashin biyu ne da ƙarfe a tsakani, da wani babban zane mai kamar harafin V a ƙirjinta, to ƙirar farko ce, T1. An fara ƙera ta a Wolfsburg a watan Maris na 1950, aikin ya koma Hanover a 1956, Jamus ta daina ta a 1967. Barazil kuwa ta ci gaba da ita har 1975. In murfin inji babba ne ƙwarai, ya kusan cinye rabin bayan motar, to kafin Maris 1955 aka yi ta, kuma abu mai daraja ne a hannunka. Kada ka bari kowa ya yanke komai a jikinta. In babu fitilun sigina a gaba, sai wani ɗan hannu da ke fitowa daga ginshiƙin bayan ƙofa, kafin 1960 ce. Ƙofar baya ta kaya an faɗaɗa ta daga ƙirar 1964, shi ya sa tagogin kusurwa masu lanƙwasa suka ɓace a ta Jamus daga wannan shekara, amma ta Barazil ta ci gaba da fitowa da su.

Ƙirga tagogi. Mai tsadar cikinsu, wadda ake kira Samba, tana da ƙananan tagogi takwas a gefen rufi da rufin tamfol mai zugewa: tagogi 23 har zuwa 1963, sannan 21 daga 1964 zuwa 1967. Saboda tsadarta, akwai masu yanka rufin bas ta gama-gari su liƙa tagogin. Lambar shasi ce ke tona su, za mu zo kanta.

In gilashin gaba ɗaya ne mai faɗi da lanƙwasa, ƙira ta biyu ce, T2, wadda Jamus ta yi daga 1967 zuwa 1979. Dubi sigina: in suna ƙasa da manyan fitilu, daga ƙirar 1968 zuwa 1972 ce, in suna sama kusa da ragar iska, 1973 zuwa sama. Ta 1972 ita kaɗai ce mai sigina a ƙasa amma da dogayen fitilun baya. T2 ta Jamus ƙofar gefenta zugewa take yi.

To, in ka ga gaba irin na T2, gilashi ɗaya, amma ƙofofin gefe biyu masu buɗewa a kan hinji, da jerin ƙananan tagogi irin na T1 a baya, kada ka ce wani fanel-bita ne ya haɗa motoci biyu. Haka ta fito daga kamfani. Ita ce ƙirar Barazil da aka fara a 1976, ta kai har 1996. Sai a 1997 suka sa mata ƙofa mai zugewa da rufi mai tsawo, suka ci gaba har ƙarshen 2013. Najeriya na cikin ƙasashen da Barazil ta riƙa turo wa Kombi, kuma masana'antar Volkswagen ta Ojo a Legas, wadda ta fara aiki a 1975, ta harhaɗa Kombi a nan gida. Don haka kada ka yi mamaki in wadda ka samu ta wannan jinsi ce. Muhimmancin gane ta shi ne: ƙarfen gefe, robar tagogi da kayan ƙafafun gaba na T2 ta Jamus ba za su hau ta ba, ko da shekararsu ɗaya.

Wata alama kuma ita ce sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi a watan Afrilu na 1972, Ghana a 1974. Bas mai sitiyari a dama da ka samu a nan, mafi yawa kafin wannan sauyi ta shigo.

In jikin motar mai kusurwoyi ne kamar akwati, wannan T3 ce ta 1979 zuwa sama, kuma bayanin da ke nan bai shafe ta sosai ba.

3. Karanta lambobi

Ido yana iya ruɗuwa, tunda cikin shekaru hamsin an sha sauya bamba, fitilu da ƙofofi. Lambar shasi tana buge a ƙarfen jiki cikin ɗakin inji, gefen injin. Goge wurin da kalanzir da burushi, kada ka sa giranda. In lambar ta dushe, shafa alli ka goge sama-sama, ko ka haska tocila daga gefe.

A ta Jamus, daga ƙirar 1965, lambobi biyu na farko suna faɗar irin motar: 21 ta kaya marar tagogi, 22 ta fasinja, 23 Kombi, 24 mai alfarma irin Samba, 26 a-kori-kura, 27 motar asibiti. Lamba ta uku ita ce shekara. Misali, wadda ta fara da 237 Kombi ce ta 1967. Daga 1965 zuwa 1969 lambobin tara ne, daga 1970 goma ne, ta haka za ka bambance 1965 da 1975. Ka kuma sani shekarar kamfanin daga watan Agusta take farawa, wato motar da aka ƙera a Satumba 1966 ana lissafa ta a ta 1967. Saboda haka bas mai tagogi 21 wadda lambarta ta fara da 21 ko 23 an yi mata kwaskwarima ne. Ta Barazil tsarin lambarta dabam ne, da harafin B take farawa, na baya-bayan nan masu lamba 17 kuma da 9BW. Duba gilasai da jikin kafireta, sau da yawa za ka ga sunan ƙasar a rubuce.

Sannan leƙa bayan kujerun gaba, akwai wani ɗan faranti na ƙarfe cike da lambobi a ta Jamus. Yana ɗauke da lambar launin fenti, ƙarin kayan da aka sa mata, da ƙasar da aka nufa da ita. Ɗauki hotonsa. Kamfanin a Jamus yana bayar da takardar tarihin mota a kan kuɗi in ka aika masa lambar shasi.

Lambar inji tana jikin buloki, ƙarƙashin ƙafar da ke riƙe da janaretan caji. Lambar da ta fara da B, AD ko AS ta injin 1600 ce. Kada ka ɗauka injin da ka tarar shi ne na asali. Da injin Bitil, wato ƙaramar motar Volkswagen, ake yawan musanya shi. Ka kuma tabbatar ko lantarkinta bolt 6 ne ko 12. Ta Jamus ta koma 12 daga ƙirar 1967. Faifan filawil na bolt 6 haƙora 109 gare shi, na 12 kuma 130, don haka dole kik ya dace da faifan, in ba haka ba zai cinye haƙoran.

4. Binciken tsatsa

Jikin Kombi a walde yake da shasinta, ba a kwance shi a ɗaga kamar na Bitil. Ke nan lafiyar ƙasan motar ita ce ke faɗa maka ko aikin zai yiwu. Shiga ƙarƙashi da tocila da sukudireba, ka caki manyan dogayen ƙarafa biyu, da ƙananan rassan da ke fita daga gare su zuwa gefe, da wuraren sa jak, da dogon ƙarfen ƙasan ƙofofi. A sama kuma duba daɓen ƙafar direba, matakin shiga, mazaunin batir, ƙasan gilashin gaba da magudanar ruwa ta rufi. Bi jikin da maganaɗisu: duk inda ya ƙi kamawa, bodifila ce aka cika.

Motar da ta yi rayuwarta a Sakkwato ko Damagaram takan fi ta Legas ko Fatakwal ƙarfe mai lafiya nesa ba kusa ba, sai dai rana ta gama da robobinta da kujerunta. Ni dai a kullum na fi son bas mai mataccen inji da lafiyayyen ƙarfe a kan mai tashi da kik ɗaya amma ƙasanta ya ruɓe. In manyan ƙarafan biyu sun huje a wurare da yawa, musamman inda ƙafafun gaba da na baya suke kamawa, ɗauke ta a matsayin ta cire kaya, ka nemi wata.

5. Kwancewa

Ɗauki hoton kowane abu kafin ka taɓa shi. Kowane rukunin noti ya shiga ledarsa da suna. Cire batir, sannan tankin mai, wanda ke gaban inji a saman giya. Kada a kunna walda ko giranda tankin na jiki, ko da an ce shekara ashirin rabonsa da fetur. Kada ka jefar da komai har sai sabon ya zo ka gwada ya zauna. Tsohon hannun ƙofa ko madubi na asali ya fi sabon kwaikwayo inganci.

Noti huɗu ne ke haɗa inji da giya. Bayan an cire wayoyi, tiyon mai da wayar totur, a tallafe shi da jak a ja shi baya. A T1 da T2 ta farko har ƙarfen bayan ɗakin inji yana kwancewa, sai injin ya fito kai tsaye.

6. Walda

Kafin a yanke ƙarfen ƙasan ƙofa, a walda ƙarfen tokare a bakin ƙofar, in ba haka ba jikin zai sauka, ƙofar ba za ta ƙara rufuwa daidai ba. A yanke tsatsa har sai an iske ƙarfe mai sheƙi, a yanko faci daidai ramin, a haɗa baki da baki. Ɗora faci a kan ruɓaɓɓen ƙarfe ɓoye ciwo ne, cikin damina biyu zai dawo.

Waldar MIG, wato mai amfani da siririyar waya da iskar gas, ta fi dacewa. In babu, waldar gas za ta yi, amma ɗigo-ɗigo, a bar wuri ya huce kafin a koma kansa, don kada faffaɗan gefen motar ya yi tudu da kwari. Waldar lantarki mai sanda a bar ta ga ƙarafan shasi masu kauri. Gama gefe ɗaya kafin ka buɗe ɗayan, domin wanda ba a taɓa ba shi ne ma'auninka. Duk inda aka gama, a shafa fenti na fari mai hana tsatsa a ranar.

7. Birki, sitiyari da ƙafafu

Yi wannan kafin inji. Motar da ta tashi takan ja mai ita ya ce bari in ɗan zaga, kuma nan ake samun hatsari. Sauya dukkan tiyon birki na roba, da silindojin tayoyi, da babbar silinda, ka duba bututan ƙarfe, ka zuba sabon man birki, ka fitar da iska, kana farawa daga tayar da ta fi nisa da babbar silinda. Faifan birki a gaba ya fara ne daga ƙirar 1971 a ta Jamus. Kafin nan ganga ce gaba da baya. Babban notin tayar baya a T2 lamba 46 ne, da ƙarfin gaske ake ɗaure shi, kusan Nm 350 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, a sa masa sabon fil. Sassauta shi tun motar na ƙasa.

T1 tana da ƙananan akwatunan giya a bayan kowace tayar baya, kowanne da man giyarsa. Makanikai da yawa ba su san da su ba, sai su bushe su ci boris. Ƙafafun gaba na T1 da na Barazil masu fil ne da ke son giris a kai a kai, na T2 ta Jamus kuma masu ƙwallo ne. Tayoyi a sa na ɗaukar kaya, 185 R14C a T2. Tayar ƙaramar mota tana sa bas rawa a kan hanya.

8. Inji

Kada ka fara da sa batir ka murza makulli. Kwance fulogi huɗu, zuba ɗan baƙin mai haɗe da kalanzir a kowace silinda, ka bar shi kwanaki, sannan ka juya fulin ƙasa da sifana. In ya ƙi, ƙara mai ka ƙara haƙuri; tilasta shi zai karya ringi. In ya juya, kama fulin da hannu biyu ka ja ka tura. Wasan da aka yarda da shi bai wuce milimita 0.15 ba, ido ba ya ma ganinsa. In ka ji ƙwas-ƙwas, sai an buɗe injin gaba ɗaya.

Ko da lafiyarsa lau, cire gidan fanka da duk kwanukan da ke lulluɓe da silindoji. Za ka tarar da sheƙar ɓera da ginin zanzaro sun toshe tsakanin ƙarafan sanyaya. Wanke su fes, tare da na'urar sanyaya baƙin mai da ke cikin gidan fankar. Sannan ka mayar da kowane kwano, komai ƙanƙantarsa, da robar da ke zagaye injin tana raba sama da ƙasa. Wannan shi ne abin da na fi nanatawa: a zafin Afrilu, kwano ɗaya da aka yar ya isa ya sa injin ya riƙa shaƙar zafin salansa har ya ƙone bawul. A injinan kafin 1971 silinda ta uku ce ke fara mutuwa, saboda na'urar sanyaya mai tana tare mata iska. In wani kwano ya ɓace kuma ba a samu ba, a sa maƙeri ya kwaikwayi na ɗaya gefen.

Saitin da za ka riƙe: tazarar bawul milimita 0.15, injin na sanyi ƙalau. Tazarar kwantak 0.4, ta fulogi 0.6 zuwa 0.7, tsarin wuta 1-4-3-2. Silinda ta 1 da ta 2 suna dama, ta 3 da ta 4 suna hagu, 1 da 3 su ne na wajen gaban mota. Kawo fistin silinda ta 1 sama, rota na kallon tsagar bakin distiributa, ka saita bawul ɗinta, sannan ka riƙa juya fuli baya rabin zagaye kana bin 2, 3, 4. Fanbel ya lotsa kamar santimita ɗaya da ɗan ɗori in ka danna. Shi ke juya fanka, don haka in jar fitilar caji ta kama kana tafiya, tsaya nan take.

Injin 1600 lita biyu da rabi na baƙin mai yake sha, kuma ba shi da filta, sai wata raga a ƙasa da noti shida ke riƙe da ita. Wanke ta duk juye, kada juyen ya wuce kilomita 5,000, a lokacin hunturu ma ka rage. Matatar iska ta asali mai mai a ciki ta fi ƙananan na kwalliya kama ƙura. Kada ka musanya ta.

Gobara ce ta fi cinye motocin nan. Sauya duk tiyon fetur da sabo, a ɗaure kowane baki da kilif, a tabbatar ɗan bututun tagulla da ke shiga kafireta ba ya motsi. Kada a rataya filtar roba a saman distiributa. Bulokin injin haɗin maganiziyam ne, in ya kama da wuta ruwa ƙara masa yake yi; busasshen yashi ake zubawa.

9. Lantarki, fenti da ciki

In wayoyi sun bushe suna karyewa, sayi sabon kunshi gaba ɗaya, ko rewaya ya ja sabo yana bin launukan tsohon. Goge duk mahaɗar da ke kama jiki, musamman a ta bolt 6.

Asalin launi yana nan a ƙarƙashin dashbod da bayan allon ƙofa. Fenti shi ne na ƙarshe, bayan an rataya ƙofofi an ga sun zauna. Bodifila don share ƙananan lotsawa ce kawai, siririya. Bayan fenti a fesa kakin hana tsatsa cikin ƙarafa masu rami; in babu, narkakken giris da ɗan man giya zai riƙe. Gilasan T1 shimfiɗaɗɗu ne, ban da na kusurwa masu lanƙwasa, mai yankan gilashin mota zai iya yanko su daga gilashi mai leda a tsakiya, amma na gaban T2 sai an nemo. Da igiya ake zaunar da gilashi cikin sabuwar roba, mutum ɗaya na dannawa daga waje.

Wajen neman kaya, fara da tsofaffin dillalai a Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas, kana riƙe da tsohon kayan a hannu. Kayan injin Bitil 1600 da yawa suna hawa. Abin da ya gagara sai a yi odarsa daga Jamus, Ingila ko Barazil, tare da aika lambar shasi da hoto.

10. Tashin farko da gwaji

Cire wayar koyil, ka murza kik har fitilar mai ta mutu, sannan ka mayar da wayar ka tayar. Mutum ɗaya ya tsaya a baya da tukunyar kashe gobara yana duban yoyon fetur. Gwada birki a fili marar jama'a, daga nan gajerun tafiye-tafiye. Bayan kilomita 500 na farko juye baƙin mai, sake saita bawul, sake ɗaure notocin tayoyi. Kammala lasin, inshora da takardar lafiyar mota kafin ka hau babban titi, kuma a can ka riƙe ta tsakanin kilomita 80 zuwa 90 a awa. A mota ka ajiye fanbel guda, kwantak, wayar kuloci da ta totur, da sifanoni 10, 13 da 21.